Gigin Tsufa: Alamominsa na Farko a Harshe da Al'adar Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana girmama tsufa, yana kuma ɗaukar tsoho a matsayin rumbun sani. Shi ya sa yake cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma kuma Bahaushen nan ya san akwai wani irin tsufa da yake zuwa ya yashe abin da ke cikin rumbun, har a wayi gari dattijon da ake zuwa wurinsa neman shawara ya kasa gane hanyar masallacin unguwarsu. Wannan hali shi ne Hausawa suke kira gigin tsufa ko ruɗewa, likitoci kuma suke kiransa dimenshiya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana alamomin farko na wannan cuta, musamman waɗanda suke fitowa a harshe, sa'an nan ta nuna yadda wasu al'adun Hausawa suke rufe alamomin ko su sa a yi musu gurguwar fassara. Dalilai biyu ne suka sa batun ya shafi manazarta harshe da al'ada. Na farko, magana tana cikin abubuwan da cutar take fara taɓawa, kuma ba wanda ya kai mai nazarin harshe kunnen jin canji a magana. Na biyu, yawancin abin da aka tattara na tarihin baka da tatsuniya da kirari daga bakin tsofaffi aka same shi, saboda haka wajibi ne mai bincike ya san halin da ƙwaƙwalwar mai ba shi labari take ciki.

2.0 Cutar da Tarihin Saninta

Dimenshiya suna ne na tarin alamomi, watau raguwar tunawa da tunani da magana da iya tsara al'amura, raguwar da take ƙaruwa a hankali har ta hana mutum gudanar da harkokinsa na yau da kullum. Cututtuka da dama ne suke haddasa ta. Wadda ta fi yawa ita ce cutar Alzaima, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu fama da ita. Sai wadda take biyo bayan toshewa ko fashewar hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, irin abin da yake kawo shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma wadda take fara cin gaban ƙwaƙwalwa da gefenta, wadda ita ɗabi'a da harshe take fara ɓatawa kafin tunawa.

Sunan Alzaima ya samo asali ne daga wani likitan ƙasar Jamus, Alois Alzheimer. A shekarar 1901 aka kawo masa wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51, a wani asibiti a birnin Farankfut. Bayan rasuwarta a 1906 ya binciki ƙwaƙwalwarta, ya tarar da wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikinsu. A 1910 Emil Kraepelin ya sa wa cutar sunansa. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, tun a wannan bayani na farko an ambaci matsalar magana, domin matar takan rasa sunan kofi, sai ta kira shi abin zuba madara.

An gano cewa wannan ɓarna takan fara a ƙwaƙwalwa shekara 10 zuwa 20 kafin alama ta bayyana, kuma takan fara ne daga sashen da ake kira hifokamfas da kewayensa, inda ake ƙulla sabon abin da mutum ya gani ko ya ji. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2021 mutum miliyan 57 ne suke da cutar a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A Nijeriya, binciken da Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka jagoranta, wanda aka buga sakamakonsa a 1995, ya sami kashi 2.29 cikin 100 a tsakanin 'yan shekara 65 zuwa sama a Badun, alhali a tsakanin baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka an sami kashi 8.24. Wani bincike da aka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kashi 2.79 cikin 100. Daga shekara 65, haɗarin kamuwa yakan ninka kusan duk bayan shekara 5. Duk da haka waɗannan alƙaluma sun nuna cewa mafi yawan tsofaffi ba sa kamuwa. Tsufa daban, cutar daban.

3.0 Kalmomin da Bahaushe Yake Amfani da Su

Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan fage, kuma kowace da iyakarta:

(a) mantuwa da sha'afa: kuɓucewar abu daga zuciya, wadda kowane ɗan Adam yake yi;
(b) makuwa da ɗimuwa: ɓacewar hanya ko kasa gane gabas da yamma;
(c) gigi: rikicewa ta ɗan lokaci, kamar a gigin barci;
(d) ruɗewa: rikicewar hankali, wadda idan aka danganta ta ga tsoho ana nufin ta zauna;
(e) sambatu: maganar da ba ta da kai ba ta da gindi;
(f) zautuwa da taɓuwa da hauka: fita daga hayyaci.

Idan aka dubi waɗannan kalmomi za a ga Bahaushe ya lura da kusan dukkan alamomin cutar, illa dai bai haɗa su a ƙarƙashin cuta guda ba. Sunayen da ake yi mata a yau kowanne da rauninsa. Gigin tsufa ya jingina laifin ga shekaru, sai ya sa iyali su ɗauka ba abin kai wa likita ba ne. Cutar mantuwa, wadda kafofin watsa labarai suke yawan amfani da ita, ta taƙaita abin ga tunawa kaɗai. Hauka kuwa kalma ce mai tabo, wadda ba ɗan da zai yarda a jingina ta ga mahaifinsa.

Akwai kuma wani ruɗani mai haɗari a kalmar gigi. Tsohon da ya kwana lafiya ya tashi bai san inda yake ba, cikin kwana ɗaya ko biyu, ba dimenshiya ce ta kama shi ba. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, kamar yadda yakan faru da azumin bazara, ko faɗuwar sukari, ko wani magani da ya sha. Wannan gigi na farat ɗaya yana bukatar asibiti nan take, kuma yakan warke. Ita dimenshiya sanɗa take yi, cikin watanni da shekaru. Da yake kalma ɗaya ake yi wa abubuwan biyu, akan zauna da mai gigin zazzaɓi a gida ana cewa tsufa ne.

4.0 Alamomi a Harshe

4.1 Ɓacewar sunaye

Alamar da ta fi saurin fitowa a harshe ita ce rasa sunan abu. Kowa yakan ce "sunan yana bakina", bayan ɗan lokaci kuma ya faɗo masa. Bambancin shi ne, ga mai cutar abin yakan yawaita, yakan shafi kayan da yake amfani da su kullum, kuma a ƙarshe ko an tuna masa ba lalle ne ya gane ba. Ga misalai na kwatance, a bakin tsohuwar da take son a miƙo mata ludayi:

(1) Miƙo mini ludayin nan.
(2) Miƙo mini abin shan furar nan.
(3) Miƙo mini muciyar nan.
(4) Miƙo mini abin nan da ake yin abin nan da shi.

Jimla ta (1) ita ce ta mai lafiya. A ta (2) sunan ya ɓace amma aikin abin yana nan, sai aka yi kewaye. A ta (3) an ɗauko wata kalma daga gida ɗaya na ma'ana, watau kayan girki, aka sa a gurbin wadda ake nema. A ta (4) ba abin da ya rage sai ƙashin jimla. Abin lura shi ne, dukkan jimlolin huɗu daidai suke a nahawu: jinsi bai rikice ba, madanganci yana wurinsa, karin sauti bai karye ba. Haka cutar Alzaima take a farkonta, takan ci ma'ana ta bar tsarin sauti da ginin jimla. Shi ya sa mai sauraro yakan ji magana tana gudu sumul, sai daga baya ya lura ba a gaya masa kome ba. Yawaitar kalmomi irin su abin nan, wane, wance, kaza da can, da amfani da wakilin suna ba tare da an ambaci wanda ake nufi ba, duk suna cikin abin da ya kamata a sa wa kunne.

Bincike ya tabbatar da wannan a rubuce. A 2005 Peter Garrard da abokan aikinsa sun kwatanta littattafai uku na marubuciyar nan Iris Murdoch, na 1954 da na 1978 da na ƙarshe na 1995, wanda ta rubuta kafin a gane tana da cutar. Sun tarar ginin jimlolinta bai canza sosai ba, amma yawan kalmominta ya ragu, ta koma ga kalmomin da kowa yake amfani da su. Haka kuma a 1996 David Snowdon da abokan aikinsa sun nazarci taƙaitaccen tarihin rayuwa da wasu mata masu zaman ibada na Katolika 93 suka rubuta a Amurka suna da kimanin shekara 22. Waɗanda jimlolinsu suke da ƙarancin ma'anoni su ne suka fi samun raunin ƙwaƙwalwa bayan kusan shekara 58.

4.2 Maimaici

Tsoho mai lafiya yakan maimaita labarin da yake so, amma ya san ya taɓa ba da shi, har yakan ce "na sha gaya muku". Mai cutar kuwa yakan yi tambaya, a ba shi amsa, bayan minti biyar ya sake ta kamar bai taɓa yi ba: "Yaushe Audu zai dawo?" Dalili shi ne amsar ba ta zauna ba tun farko. Tun a 1881 masanin nan na Faransa, Théodule Ribot, ya lura cewa sabon abu ne yake fara ɓacewa, tsohon abu ya daɗe. Saboda haka dattijo zai iya kawo labarin zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956 dalla-dalla, amma ya kasa faɗin abin da ya karya kumallo da shi. Iyali sukan kafa hujja da wannan su ce ƙwaƙwalwarsa garau take, alhali wannan rarrabuwa ita kanta alama ce.

4.3 Karin magana da habaici

Fahimtar karin magana tana bukatar mutum ya tsallake ma'anar sarari ya kai ga ta ɓoye. Wannan ƙwarewa takan yi rauni. Idan aka ce wa mai cutar "kome nisan jifa", zai iya cikawa da "ƙasa zai faɗo", domin wannan haddacewa ce. Amma idan aka nemi ya faɗi abin da ake nufi, sai ya ce ai dutse ne, in an jefa shi dole ya faɗo. Dattijon da aka sani da iya zance, wanda a da ba a yi masa habaici ya wuce shi, idan ya fara ɗaukar zolaya da gatse a kan gaskiya, to, akwai abin dubawa.

4.4 Komawa ga harshen farko

A ƙasar Hausa akwai dubban mutanen da Hausa harshe na biyu ce gare su. Sananne ne cewa mai harshe biyu idan cutar ta yi nisa yakan koma ga wanda ya fara koya. Tsohuwar da ta tashi da Fulatanci ko Barbarci, ta yi aure ta shekara 50 tana Hausa, za ta iya fara yi wa jikokinta magana da harshen da ba sa ji, ba tare da ta lura ba. Haka mutumin da ya daɗe a Kano zai iya komawa ga karin harshen ƙauyensu. A ɗaya gefen, wani bincike da Suvarna Alladi da abokan aikinta suka yi a kan marasa lafiya 648 a Haidarabad ta Indiya a 2013 ya nuna cewa ga masu harshe biyu alamomin sun yi jinkirin bayyana da kimanin shekara huɗu da rabi, har a tsakanin waɗanda ba su yi makaranta ba.

5.0 Alamomi a Ayyukan Yau da Kullum

Ma'aunin da ya fi inganci shi ne a kwatanta mutum da yadda yake a da, a kan aikin da ya ƙware a kai. Tsohuwar da ta shekara 40 tana riƙe da adashin unguwa ba tare da rubutu ba, sai ta fara rikita wanda ya zuba da wanda zai kwasa. Ɗan kasuwa ya fara ba da canji sau biyu, ko ya nemi sayen abu da farashin da aka bari shekaru da dama, ko ya koma lissafi da sule da sisi, waɗanda aka daina amfani da su bayan shigowar naira a 1973. Mai girki ta sa gishiri sau biyu, ko ta bar tukunya a wuta ta fita. Manomi ya rikita lokacin shuka.

Salla ma ma'auni ce, domin tana haɗa lokaci da ƙirga da jerantawa. Rafkanwa ta kowa ce, shi ya sa aka yi ƙabli da ba'adi. Amma wanda ya fara rafkanwa a kusan kowace salla, ko ya sallaci azahar sau biyu, ko ya tashi tsakar rana ya ce asuba ta yi, ko ya rikita jerin gaɓoɓin alwala, halinsa ya wuce rafkanwa. Haka nan makuwa a hanyar da aka saba bi, da ajiye abu a inda bai dace ba, kamar carbi a cikin tulu, da janyewa daga majalisa da bukukuwa ga wanda a da ba ya fashi, da canjin hali, mai haƙuri ya zama mafaɗaci ko mai tsafta ya daina wanka. Alama ɗaya ba ta isa hujja ba. Abin dubawa shi ne haɗuwar alamomi da ƙaruwarsu daga wata zuwa wata.

6.0 Al'adun da Suke Rufe Alamomin

6.1 Gaisuwa

Gaisuwar Bahaushe doguwa ce, kuma amsoshinta a shirye suke: lafiya lau, ba gajiya, sai alheri, da godiya. Irin wannan magana da baki ya saba da ita tana cikin abin da cutar take bari har ƙarshe, tare da addu'o'i da surorin da aka haddace tun ƙuruciya da waƙoƙin da aka tashi da su. Saboda haka ɗan da ya zo daga birni ya durƙusa ya gaida mahaifinsa na minti goma zai koma yana cewa Baba lafiyarsa ƙalau, alhali watakila Baban bai gane wanda ya gaishe shi ba. Wadda take kwana tana tashi da shi ita ta san gaskiya, kuma sau da yawa ba a yarda da maganarta.

6.2 Kunya da sakaya suna

A al'ada mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, yaron da aka sa wa sunan kaka kuma laƙabi ake yi masa, kamar Abba ko Ummi. Wannan ya sa tsohuwa za ta iya daɗewa tana cewa Malam, ko yaron nan, ko mai sunan Malam, ba wanda zai gane cewa sunan ya riga ya ɓace mata. Amma al'adar tana da wata fuska mai amfani. Ranar da aka ji tsohuwar da ta shekara 50 tana alkunya ta kira sunan ɗan farinta gatsau, ko ta yi batsa a gaban suruki, wannan zubewar kunya tana iya zama alamar cewa gaban ƙwaƙwalwa, inda yake riƙe da linzamin ɗabi'a, ya taɓu.

6.3 Wasan jika da kaka

Kaka takan kira jikanta namiji mijinta, kaka namiji ya kira jikarsa amaryarsa. Idan tsohuwa ta fara ɗaukar jikan a matsayin marigayi mijinta da gaske, tana tambayarsa kuɗin cefane, sai a yi dariya a ce wasa ne. Jikoki su ne suka fi zama da kakanni, su ne kuma suke fara ganin canji, amma matsayinsu na abokan wasa yakan hana a ɗauki maganarsu da muhimmanci.

6.4 Hutar da tsoho

A gidan gandu da zarar mutum ya manyanta akan ɗauke masa noma da cefane da girki. Wannan kyakkyawar al'ada ce, sai dai tana kawar da ayyukan da za su tona rauninsa da wuri. Ga kuma ladabi, wanda ya hana yaro ya ce wa babba ya yi kuskure.

7.0 Gurguwar Fassara da Illarta

Wanda ya ajiye kuɗi ya manta inda ya sa, kuma bai san yana mantuwa ba, abin da hankalinsa zai ba shi shi ne an sace. Wanda zai zarga kuwa shi ne na kusa: matar ɗa, ko kishiya, ko jika. Zargin sata yana cikin sanannun alamomin cutar, kuma idan ba a san haka ba, aure yakan mutu a kansa, zumunci ya lalace.

Haka kuma masu cutar da yawa rikicewarsu takan tsananta da faɗuwar rana. Wannan ya yi daidai da almuru, lokacin da Bahaushe ya ɗauka na fitowar iskoki ne, sai a tafi neman magani inda ba ya nan. Mafi muni shi ne zargin maita. Tsohuwar da aka tsinta da dare a wata unguwa, ba ɗankwali, tana kiran sunayen matattu, ta cika duk sifofin da jama'a suke ba mayya. Idan taro ya kewaye ta yana tambaya, tana iya amsa duk abin da aka ce ta yi, domin ba ta fahimci tambayar ba. A arewacin Gana akwai garuruwa irin su Gambaga inda matan da aka kora bisa zargin maita suke fakewa, mafi yawansu kuwa tsofaffi ne.

Akwai kuma batun dukiya. Dattijon da hankalinsa ya fara rauni zai iya sayar da gona ɗaya ga mutum biyu, ko a sa shi ya sa hannu a takardar da bai gane ba. A shari'ar Musulunci hankali sharaɗi ne na ingancin ciniki da kyauta, kuma shi ne sharaɗin hawan wajibai a kan mutum. Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na rayuwa a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, ya kuma yi umurni da tausasa wa iyaye idan sun tsufa a Suratul Isra'i. Gane cutar da wuri yana ba mutum damar ya bayyana basussukansa da amanonin da ke hannunsa, ya yi wasiyya tun yana cikin hayyacinsa.

8.0 Abubuwan da Suke Ƙara Haɗari

Shekaru da gado ba su da makawa, amma akwai abubuwan da ake iya gyarawa. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa guda 14 a rahotonsa na 2024, ya kuma ƙiyasta cewa kawar da su zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Su ne ƙarancin ilmi a ƙuruciya, da raunin ji, da raunin gani da ba a yi wa magani ba, da hawan jini, da ciwon sukari, da yawan mugun kitse a jini, da ƙiba, da shan taba, da yawan shan giya, da rashin motsa jiki, da ciwon damuwa, da buguwa a ka, da kaɗaici, da gurɓatacciyar iska. Da yawa daga cikinsu a tsakiyar rayuwa suke yin ɓarnarsu, watau tun mutum yana da shekara 40 zuwa 60. Awon jini, da cire yanar ido, da sa hular kwano a kan babur, da barin tsoho a cikin jama'a ana hira da shi, duk rigakafi ne.

Har yanzu ba a sami maganin da yake warkar da cutar Alzaima ba. Akwai magungunan da suke sassauta alamomi, akwai kuma sababbi da aka amince da su a Amurka a 2023 da 2024, waɗanda suke ɗan rage saurinta ga wanda aka gano da wuri. Amma babban dalilin zuwa asibiti shi ne, wasu abubuwan da suke kama da ita suna warkewa: ƙarancin bitamin B12, da raunin aikin halittar maƙogwaro da take kumbura ta zama maƙoƙo, da taruwar jini a ka bayan faɗuwa, da baƙin cikin da yake bin rasuwar miji ko mata, da kurumta, wadda takan sa a ɗauka tsoho ya ruɗe alhali ji ne ba ya yi.

9.0 Aikin da Ke Gaban Manazarta

Gwajin da likitoci suka fi sani, wanda Marshal Folstein da abokan aikinsa suka fitar a 1975, yana da maki 30, kuma ya ƙunshi faɗin kwanan wata da karanta umurni da rubuta jimla da kwaikwayon zane. Dattijon da bai taɓa riƙe fensir ba zai faɗi wannan gwaji ko da lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa masu binciken Badun suka yi amfani da gwajin da yake haɗa tambayar tsoho da tambayar wanda yake zaune da shi, suka kuma yi amfani da jera tsinken ashana a madadin zane. Gwajin da zai dace da Bahaushe dole ya tambayi lokaci yadda Bahaushe yake ƙirga shi: damina ce ko kaka, watan azumin tsofaffi ne ko na cika-ciki, wace salla aka yi, yaushe kasuwa take ci. Dole kuma ya kiyaye alkunya, kada a nemi mace ta faɗi sunan mijinta a ɗauki shirunta a matsayin mantuwa. Dole ya san karin harshe, kada a ci Basakkwace tara don ya kira abu da sunan da Bakano bai sani ba. Wannan aiki ne da likita ba zai iya shi kaɗai ba.

Ga ɗalibin da yake tattara tarihin baka kuwa, ya kamata ya san cewa mai cutar yakan cike gurbin abin da ya manta da abin da ya yi kama da gaskiya, ba da nufin ƙarya ba. Waƙa da kirari da jerin sunayen sarakuna da aka haddace sukan daɗe, amma jeranta aukuwar abubuwa da danganta su ga shekaru sukan rikice. Hanyar kariya ita ce a koma wa mai ba da labari sau biyu ko uku a ranaku daban-daban, a fi yin hirar da hantsi, a kuma gwada abin da ya faɗa da na tsararrakinsa.

10.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa gigin tsufa cuta ce mai asali a ƙwaƙwalwa, kuma alamominta na farko sun haɗa da ɓacewar sunaye, da maimaita tambaya, da kasa gane ma'anar ɓoye, da rikicewa a aikin da aka saba, da canjin hali. An kuma nuna yadda gaisuwa da alkunya da wasan jika da kaka suke rufe waɗannan alamomi, da yadda rashin saninsu yake jawo zargin sata da na maita. Sauran aiki shi ne masana harshe da likitoci su zauna su daidaita sunan da za a kira cutar da shi, su tsara gwaji cikin Hausa, su kuma ɗauki maganar tsofaffi masu lafiya a faifai domin a san iyakar mantuwar da take ta tsufa ce kawai. Bahaushe ya ce hankali ke gani, ido gululu ne. Idan na tsoho ya fara dusashewa, hakki ne a kan na kusa da shi su gane da wuri, su zama su ne masu gani dominsa.